Lev Landau, masanin da ya bayyana yadda abubuwa ke sauya hali

Lev Davidovich Landau na ɗaya daga cikin manyan masana kimiyyar fiziks da Tarayyar Sobiet ta fitar a ƙarni na 20. Ya karɓi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1962 yana kwance a gadon asibiti, ya kuma taɓa shafe shekara guda cur a kurkukun Stalin. Sai dai abin da ya fi raya sunansa shi ne wata ƙa'ida da ya shimfiɗa a shekarar 1937 game da yadda abu ke fita daga wani hali ya shiga wani, kamar yadda ruwa ke zama ƙanƙara ko ƙarfe ya zama maganaɗisu. Da wannan ƙa'ida ce masana a Amurka da Sin da Turai ke ƙoƙarin fahimtar wasu sababbin ƙarafa da ake kira kagome, waɗanda aka haɗa fitattun cikinsu shekaru 51 bayan mutuwarsa.

Ɗan Baku mai kaifin ƙwaƙwalwa

An haifi Landau ranar 22 ga watan Janairun 1908 a birnin Baku mai arzikin mai, wanda a yau shi ne babban birnin ƙasar Azarbaijan, a wancan lokaci kuwa yana ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa injiniya ne a kamfanin mai, mahaifiyarsa kuma likita ce.

Tun yana ƙarami aka lura cewa lissafi a jininsa yake. Ya kammala makarantar sakandare yana ɗan shekara 13, abin da ya sa iyayensa suka ga ya yi ƙanƙanta da shiga jami'a, suka tura shi wata makarantar koyon harkokin tattalin arziki na tsawon shekara guda. A shekarar 1922 ya shiga jami'ar Baku yana da shekara 14, bayan shekaru biyu kuma ya koma jami'ar Leningrad, inda ya kammala karatu a 1927 yana ɗan shekara 19.

Wannan zamani ne da ake kafa sabon ilimin ƙwayar zarra a Turai. Daga 1929 zuwa 1931 Landau ya samu tallafin karatu ya zaga Jamus da Ingila da Suwizalan da Denmak. A birnin Kofanhagen ya zauna a cibiyar Niels Bohr, wanda har ƙarshen rayuwarsa shi kaɗai yake ɗauka a matsayin malaminsa. A wannan tafiya ya ƙulla abota da wani matashi Bajamushe mai suna Rudolf Peierls, suka kuma yi rubutu tare. A shekarar 1930, yana da shekara 22, ya bayyana yadda maganaɗisu ke tanƙwara tafiyar elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki a cikin ƙarfe. Har yanzu da sunansa ake kiran wannan lissafi.

Malami mai tsanani

A shekarar 1932 aka naɗa shi shugaban sashen nazari a cibiyar binciken fiziks ta birnin Harkov, a ƙasar Yukren ta yau. Shekarunsa 24 kacal. Nan ya yi suna a matsayin malami mai kaifin baki wanda ba ya raga wa kowa, babba ko yaro, idan ya kawo hujja mai rauni.

Ya ƙirƙiro wata jarrabawa wadda duk mai son zama almajirinsa sai ya tsallake ta. Kowa na iya zuwa ya gwada, ba a tambayar takardar shaida. Amma daga 1934 zuwa 1961 mutum 43 ne kawai suka ci. Tare da almajirinsa Evgeny Lifshitz ya fara rubuta wani littafi mai juzu'i 10 da ya tattara ilimin fiziks na nazari baki ɗaya. An fassara shi cikin harsuna da dama, kuma ɗaliban digiri mai zurfi na karanta shi har gobe.

Landau yana da wani ma'auni da yake jera masana a kai gwargwadon aikinsu. Ya sa Newton da Einstein a can sama, Bohr da Dirac da Heisenberg a aji na ɗaya, shi kuwa ya ajiye kansa a aji na biyu da rabi. Sai da ya manyanta ne ya ɗaga kansa zuwa aji na biyu.

Gona kafin huɗa da bayan huɗa

Domin fahimtar ƙa'idar da ya fitar a 1937, ana iya duban gonakin arewacin jihar Kano, irin na Dambatta da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona. Bayan an yi sharar gona, kafin saukar ruwan fari, fili ne shimfiɗe. Wanda ya tsaya a tsakiya ya dubi gabas ko arewa, ko ya matsa taku uku, abu ɗaya zai gani. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da daidaito: a juya abu ko a matsar da shi, amma kamarsa ba ta sauya ba.

Da zarar garma ta ratsa gonar, kunyoyi sun kwanta ta fuska guda. Yanzu bin kunya daban, tsallaka kunya daban. Haka nan ba kowane taku ne ke kai mutum wuri mai kama da inda ya baro ba, sai taku mai tsawon kunya guda. Idan kuma manomi ya shuka layin gero, ya bi shi da layin wake, ya sake layin gero, to sai an tsallake kunya biyu kafin a dawo kan irin abin da aka bari. Da kowane mataki gonar na ƙara tsari, tana kuma rasa wani ɓangare na daidaitonta.

Abin da Landau ya gani ke nan a cikin ruwa da ƙarfe. Ruwa, wanda ƙwayoyinsa ke kai da kawowa ba tsari, ya fi ƙanƙara daidaito, domin ko ta wace fuska aka dube shi ɗaya ne. Ƙanƙara kuwa ƙwayoyinta sun jeru sahu-sahu kamar kunyoyi. Haka ma ƙarfe: kowace ƙwayar zarra a cikinsa ƙaramin maganaɗisu ce. Idan zafinsa ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salshiyos, kowace na fuskantar inda ta ga dama. Idan ya huce ƙasa da haka, sai maƙwabta su fuskanci wuri guda.

Bambancin da ke tsakanin gona da ƙarfe shi ne, a gona manomi ne ke zaɓar inda kunya za ta kwanta, a ƙarfe kuwa babu wata fuska da aka fifita tun farko. Misalinsa taɓarya ce da aka tsayar a tsakar gida aka sake ta. Babu ɓangaren da ya fi wani cancantar ta faɗa, amma tilas ta faɗi wani ɓangare, kuma ɗan motsin iska ya isa ya yanke hukunci. Wannan ne ake kira karyewar daidaito.

Daga nan Landau ya fitar da hukunci biyu. Na farko, daidaito ko dai yana nan ko babu shi, ba shi da rabi. Saboda haka tsakanin halaye biyu masu daidaito daban-daban dole a samu iyaka tsayayya. Wannan ya bayyana abin da ya sa ruwa zai iya zama tururi sannu a hankali ba tare da an ga lokacin sauyin ba, idan zafi ya haura digiri 374 kuma matsi ya yi yawa, amma ruwa ba zai taɓa zama ƙanƙara ta wannan hanya ba. Ruwa da tururi daidaitonsu ɗaya ne, ƙanƙara kuwa nata daban.

Na biyu, ya ƙirƙiro wani adadi da za a iya kira ma'aunin tsari, wanda yake sifiri a lokacin da babu tsari, ya kuma fara hauhawa da zarar tsari ya kunno kai. Ya nuna cewa ba sai an bi kowace ƙwayar zarra ɗaya bayan ɗaya ba. Idan aka san daidaiton da aka rasa, ana iya rubuta lissafin da zai faɗi yadda abin zai kasance a kusa da iyakar. Ta haka abubuwan da a ido babu abin da ya haɗa su suka shiga ƙarƙashin lissafi guda.

Shekara guda a hannun 'yan sandan ciki

Shekarar da ya wallafa wannan aiki ita ce shekarar da Stalin ya tsananta kamen da ya ci dubban ɗaruruwan rayuka. Landau ya tashi ne yana mai imani da juyin juya halin gurguzu, amma bakinsa ya tara masa maƙiya a Harkov. A farkon 1937 ya tsere zuwa Mosko, inda Pyotr Kapitsa ya ba shi aiki a cibiyarsa. Abokan aikin da ya baro ba su tsira ba. A watan Nuwamban wannan shekara aka harbe uku daga cikinsu, ciki har da Lev Shubnikov, gwanin binciken abubuwa a cikin matsanancin sanyi.

A ƙarshen watan Afrilun 1938 aka kama Landau tare da abokansa biyu, Moisei Korets da Yuri Rumer. Laifin da aka ɗora masa ya haɗa da hannu a wata takarda da aka shirya rabawa ranar bikin ma'aikata, wadda ta kwatanta mulkin Stalin da na Hitler da Mussolini. A wancan zamani abin da bai kai wannan ba ma ya isa a kashe mutum.

Nan take Kapitsa ya rubuta wa Stalin wasiƙa. Bohr ma ya rubuta daga Denmak. Shiru. Bayan shekara guda Kapitsa ya sake rubuta wa firaminista Molotov, yana mai bayyana cewa ya gano wani abin mamaki a ɗakin bincikensa wanda Landau ne kaɗai zai iya warware shi. A ƙarshen Afrilun 1939 aka sake shi bisa lamunin Kapitsa, wanda ya sa hannu cewa shi zai ɗauki alhakin duk abin da ya aikata. Ya fito a rame, da ƙyar yake tafiya. Abokansa biyu sun shafe shekaru masu yawa a tsare. Shi kansa ba a wanke shi daga tuhumar ba sai a 1990, shekaru 22 bayan yana kabari, kuma bai sake samun izinin zuwa ƙasashen yamma ba.

Ruwan da ke hawa bango

Abin mamakin da Kapitsa ya gano ya shafi iskar hiliyom. Idan aka sanyaya ta sai ta zama ruwa, idan sanyin ya kai kimanin digiri 271 ƙasa da sifiri sai ruwan ya daina gogayya da komai. Yakan ratsa ƙofar da ko iska ba ta bi, yakan kuma hau bangon mazubi ya zubo waje. A shekarar 1941 Landau ya fitar da bayanin wannan hali, kuma saboda wannan aiki ne aka ba shi lambar Nobel.

A 1950 shi da Vitaly Ginzburg suka ɗauki ma'aunin tsarin nan suka ɗora shi kan wata tsohuwar matsala. Tun 1911 wani masani ɗan ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes, ya gano cewa wasu ƙarafa idan suka yi sanyi ƙwarai wutar lantarki na gudana a cikinsu ba tare da wata turjiya ko asara ba. Lissafin Ginzburg da Landau ya fayyace yadda irin waɗannan ƙarafa ke hulɗa da maganaɗisu. Almajirinsa Alexei Abrikosov ya faɗaɗa shi a 1957, ya bayyana nau'in ƙarafan da ke jure maganaɗisu mai ƙarfi. Da irinsu ake naɗa wayoyin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI da ke manyan asibitoci. Ginzburg da Abrikosov sun sami lambar Nobel a 2003.

Tunanin karyewar daidaito bai tsaya a kan ƙarafa ba. Yoichiro Nambu da Peter Higgs sun kai shi fagen binciken ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta, kuma a kansa ne aikin da ya ba Abdus Salam ɗan Pakistan da abokansa biyu lambar Nobel a 1979 ya ginu.

Akwai kuma ɓangaren rayuwarsa da bai yi alfahari da shi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu an sa shi jagorantar wata tawaga da ta yi lissafin ƙarfin fashewar bama-baman nukiliyar Tarayyar Sobiet. An ba shi lambobin girma saboda haka, amma bayanan 'yan leƙen asiri da aka buɗe bayan rushewar tarayyar sun nuna cewa tsoro ne ya sa shi yin aikin, a matsayin garkuwa daga komawa kurkuku. Da Stalin ya mutu a 1953, sai ya janye jikinsa.

Hatsari a hanyar Dubna

Ranar 7 ga watan Janairun 1962, a kan hanyar Mosko zuwa garin Dubna, motar da yake ciki ta zame a kan ƙanƙara ta yi karo da wata babbar mota. Ya samu karaya a kai da haƙarƙari da ƙugu, ya shafe kusan watanni biyu bai san inda yake ba. Almajiransa da abokan aikinsa suka raba wa kansu aikin kwana a asibiti, masana daga ƙasashen waje suka riƙa aiko da magunguna ta jirgin sama, likitoci kuma suka zo daga Kanada da Faransa da Cekoslobakiya.

Ya farfaɗo, amma bai koma bincike ba. A watan Disamban wannan shekara jakadan ƙasar Siwidin ya kai masa lambar Nobel har asibiti. Ya mutu ranar 1 ga watan Afrilun 1968 yana da shekara 60, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy da ke Mosko. Almajiransa sun kafa cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa, Lifshitz da Lev Pitaevskii kuma suka ƙarasa littafin da ya bari.

Idon kwando

Kalmar kagome daga harshen Japan take, ma'anarta idon kwando. Masaƙan kwandon gora na ƙasar kan saƙa shi ta fuska uku, sai a samu ramuka masu kusurwa shida, kowane rami kewaye da alwatika shida, kowace alwatika kuma tana taɓa 'yar'uwarta a kusurwa. A shekarar 1951 wani masani ɗan Japan, Itiro Syozi, ya wallafa nazari kan maganaɗisun da ƙwayoyinsa suka jeru bisa wannan saƙa, malaminsa Kodi Husimi kuma shi ya raɗa mata sunan.

Abin da ya sa wannan jeri ya ja hankali shi ne alwatikar. Akwai abubuwan da kowace ƙwaya a cikinsu ke son ta saɓa wa maƙwabciyarta, kuma Landau na cikin waɗanda suka fara hasashen samuwarsu tun 1933. Amma idan uku suka zauna a kusurwoyin alwatika, ta farko ta fuskanci gabas, ta biyu ta fuskanci yamma, ta uku ba ta da yadda za ta saɓa wa duka biyun. A irin wannan jeri babu tsari guda da ke rinjaye cikin sauƙi. Tsare-tsare da dama kan yi kunnen doki, kowanne na jiran ɗan abin da zai ba shi galaba.

A shekarar 2019 Brenden Ortiz da abokan aikinsa a Amurka suka sanar da haɗa wasu ƙarafa uku waɗanda ƙwayoyin sinadarin banadiyom ke jere a cikinsu bisa saƙar kagome, tare da antimoni da ɗaya daga cikin fotasiyom ko rubidiyom ko sisiyom. Wanda aka fi bincike a kai shi ne mai sisiyom.

Idan aka sanyaya shi zuwa digiri 179 ƙasa da sifiri, sai elektron ɗin da ke yawo ko'ina daidai wa daida su fara taruwa a wasu wurare su ragu a wasu, ƙwayoyin banadiyom kuma su ɗan gusa. Daga nan sai an tsallake gida biyu maimakon ɗaya kafin zanen ya maimaita kansa, tamkar gonar da aka shuka layin gero da layin wake. Tsohon abokin Landau, Rudolf Peierls, shi ne ya fara bayyana cewa elektron na iya yin irin wannan taruwa a cikin ƙarfe.

Wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa ba nan abin ya tsaya ba. Saƙar kagome na da fuskoki shida masu kama da juna, amma akwai alamun cewa elektron kan fifita layi guda, kamar kwanciyar kunya. Akwai kuma batun da ya fi jawo muhawara: ko elektron ɗin na zagaya alwatikun ta hannu guda, abin da zai haifar da ɗan ƙaramin maganaɗisu. A 2022 masu bincike a cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan sun ba da rahoton ganin alamar hakan a ƙarfen mai fotasiyom. A 2023 kuwa wasu a jami'ar Stanford ta Amurka sun auna mai sisiyom da haske ba su ga alamar ba.

Idan sanyi ya kai kusan digiri 271 ƙasa da sifiri, ƙarfen kan shiga halin gudanar da lantarki ba tare da turjiya ba. An kuma gano cewa idan aka matse shi har taruwar elektron ɗin ta watse, wannan hali kan fara tun daga kimanin digiri 265 ƙasa da sifiri. Ke nan tsare-tsaren biyu takara suke yi kan elektron ɗaya. Irin wannan takara ce ake gani a wasu sinadarai masu jan ƙarfe da aka gano a 1986, waɗanda ke gudanar da lantarki ba asara a sanyin da bai kai wannan tsanani ba. Burin masana shi ne fahimtar takarar ta kai su ga wayar da za ta kai wuta daga tasha zuwa gari ba tare da ta zube a hanya ba, ko da yake ƙarafan kagome na ɗakin bincike ne tukuna.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Ƙa'idar Landau ba ta rasa iyaka ba. Tun yana raye, a 1944, Lars Onsager ya nuna cewa alƙalumanta na kaucewa a dab da iyakar sauyi, kuma sai a farkon shekarun 1970 Kenneth Wilson ya gyara wannan. Daga baya an gano halayen da ke bambanta da juna ba tare da wani daidaito ya karye ba, aikin da ya kai ga lambar Nobel ta 2016. Ƙarafan kagome na ɗauke da alamun irin waɗannan halaye su ma, shi ya sa suka zama mahaɗar tsohon ilimi da sabo.

Duk da haka, masu saɓani kan abin da ke faruwa a cikin waɗannan ƙarafa sun yi tarayya a kan hanyar bincike. Kowane ɓangare na farawa ne da lissafa fuskokin daidaiton saƙar, ya tambayi wanne aka rasa, sannan ya rubuta ma'aunin tsarinsa kamar yadda Landau ya yi yana ɗan shekara 29, shekara guda kafin a kulle shi.